KARATUN AKU BA ZAI TA DA TALAKA DAGA BARCI BA

Jama'a, kowace shekara idan bazara ta kama, zafi ya tsananta, sai ka ga yaranmu na ajin ƙarshe a makarantun sakandare sun rame sun yi zuru-zuru. Jarrabawar fita ce ta gabato, ta WAEC wadda akan yi wajen watan Mayu da Yuni, ga ta NECO kuma tana biye da ita. Duk inda ka bi, gindin bishiya ko zauren gida, sai ka tarar da yaro riƙe da ɗan littafin nan mai araha da aka tara tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, yana ta nanatawa kamar mai bitar allo. To, yau muna so mu yi magana a kan darussa huɗu daga cikin waɗanda ake yi wa yaran nan jarrabawa a kansu, wato Tarihi, da Labarin Ƙasa, da Ilmin Zama Ɗan Ƙasa, da Tattalin Arziki. Mun ware su ne domin su ne ke gaya wa ɗan talaka yadda ake mulkinsa, da inda dukiyar ƙasarsa ke tafiya. Kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kwanan baya na iske ɗan maƙwabcina a ƙofar gida yana wannan hadda. Na ce masa, "Yaro, mene ne hauhawar farashi?" Kafin in rufe baki ya zubo mini ma'anarsa da Turanci tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na ce, "Madalla. To, me ya sa kuɗin cefanen da babanka ke bayarwa shekara uku da suka wuce, yau ba ya kai ku ko rabin yini?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, malam bai ba mu wannan ba." Wallahi tausayi ya kama ni. Yaron nan yana da kai, yana da ƙoƙari, mai yiwuwa ma ya ci jarrabawarsa da kyau. Amma abin da ke cikin littafinsa da abin da ke cikin tukunyar gidansu, ba wanda ya taɓa nuna masa abu ɗaya ne.

Laifin wa? Mu dai ba mu ga laifin yaro ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun san waɗanda suka tsaga bangon. Wajen shekarar 2009 aka cire Tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka ce wai ɗalibai ba sa sha'awarsa, wai kuma wanda ya karanta shi ba ya samun aiki. Aka yi shekara goma da 'yan kai yara suna tashi ba su san komai game da ƙasarsu ba sai abin da suka tsinta a bakin titi. Sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin maido da shi, a 2025 kuma aka ba da sanarwar cewa ya zama tilas tun daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Mun ji, mun kuma yi murna. Amma sanarwa ba ta shiga aji ta riƙe alli. Malamin Tarihi ba a dasa shi yau a girbe gobe, waɗanda suka iya kuwa da yawa sun yi ritaya ko sun kama wata sana'a a shekarun da aka kore su.

Bari mu ɗauki darussan nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da ake hana ɗan talaka.

Tarihi. Yaro zai haddace cewa sojojin Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an haɗa Kudu da Arewa a 1914, an sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. Shi ke nan, ya sami makinsa. Wa zai gaya masa cewa cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kansu, a littafinsa Kitabul Farƙi, har da jangali da ƙwace dukiyar talakawa? Wa zai gaya masa cewa haraji da jangalin nan sun ci gaba da cin talaka har zamanin Turawa da bayansu, sai a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su? Wa zai ba shi labarin matan Aba da suka tashi a kan haraji a 1929, da masu haƙar kwal na Inugu da aka harbe a 1949 don sun nemi hakkinsu, da samarin da suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950? Yarinyar da ke shirin jefa ƙuri'arta ta farko, ta san cewa matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a shekarun 1970, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai? Yaron da ya san waɗannan ya san cewa ba a taɓa miƙa wa talaka hakkinsa a faranti ba. Wannan sanin ne wasu ba sa so.

Labarin Ƙasa. A jarrabawar nan akwai sashen karanta taswira, inda ake ba yaro takarda mai layukan da ke nuna tudu da kwari, a ce ya faɗi inda ruwa zai gangara, ya kuma auna nisan gari da gari. Makarantu nawa ne na gwamnati a ƙauyukanmu ke da irin wannan taswira? Yara da yawa ranar jarrabawa ce ranar da suka fara ganinta da idonsu. Alhali kuwa wannan ilmi rai ne da mutuwa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye rabin Maiduguri, kuma irin haka ta taɓa faruwa a 1994. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Mokwa. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya bar masunta da manoma da makiyaya suna rububin abin da ya rage. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta amfani masu noman rani a Kano, ta kuma rage ruwan da ke malala fadamun Haɗeja da Nguru. Duk wannan Labarin Ƙasa ne, kuma a ƙofar gidanmu yake. Ga shi an bar yaro yana haddar sunayen duwatsu da iskoki kamar sunayen aljanu.

Ilmin Zama Ɗan Ƙasa. Wannan darasi an daɗe ana tilasta wa ɗalibai rubuta shi, amma dubi yadda ake koyar da shi: ka yi biyayya, ka biya haraji, ka girmama tuta. Ba mu ƙi ba, duk wajibi ne. Sai dai mukan tambaya, ina ɗaya ɓangaren? Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 14, ya nuna cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun nata, kuma tsaron lafiyarsu da jin daɗinsu shi ne babban aikinta. Sashe na 35 ya nuna cewa wanda aka kama, tilas a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40. Sashe na 69 ya ba jama'a ikon yi wa ɗan majalisarsu kiranye idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa suka sa hannu, aka kuma tabbatar da ƙuri'a. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilmi kyauta, amma aka liƙa masa sharaɗin "in hali ya yi", aka kuma ajiye shi a babin da kotu ba ta da hurumin tilasta shi. Yaro ya cancanci ya san alkawarin, ya kuma san ƙofar bayan da aka bari. Haddar cewa akwai sanatoci 109, da wakilai 360, da ƙananan hukumomi 774, ba ta da amfani ga wanda bai san kansilan unguwarsu ba, balle ya tambaye shi ina kuɗin rijiya.

Tattalin Arziki. Babu makarantar da ta kai kasuwar Dawanau koyar da wannan darasi. Me ya sa hatsi ke faɗuwa da kaka, ya tashi da damina? Me ya sa manomi ke sayarwa da araha lokacin girbi, don bashin taki ya sha masa kai, sa'an nan ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada wajen mai rumbun ajiya? Wannan shi ne darasin nema da samuwa da yaro ke zana wa layuka biyu masu giciye ba tare da ya gane ba. Kakanninsa sun noma gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, hukumar sayen amfanin gona ta saya ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Kuma tun 2020 akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kayayyaki masu yawa, har da katin wayar da kowa ke saye. Ashe talakan da ake ce wa ba ya biyan haraji yana biya kullum bai sani ba. In ɗansa ya gane haka, gobe zai tambayi inda kuɗin suka shiga.

Su kuma masu shirya jarrabawa da masu riƙe da jihohi, suna da tasu amsar da za su bayar. A watan Mayu na 2025 an riƙe yara a wurare da dama har dare ya yi kafin a kawo takardar Turanci, suka rubuta da hasken tocila da na wayar hannu, hukumar WAEC da kanta ta fito ta ba da haƙuri. An kuma sha riƙe sakamakon 'ya'yan talakawa don gwamnatocin jihohinsu sun yi alkawarin biyan kuɗin jarrabawa, sun sha tafi a gidan rediyo, sa'an nan ba su biya ba. Ga kuma cibiyoyin nan na satar amsa, inda uba zai sayar da akuyarsa ya biya a rubuta wa ɗansa amsa a allo. Muna faɗa wa iyaye da babbar murya: wannan cin amanar ɗanka ne da kuɗinka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar da aka saya ba ta iya amsa tambaya a jami'a, ba ta kuma iya tsaya wa mai ita a gaban azzalumi.

Saboda haka, ga shawararmu ga ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi manhajar jarrabawar tun farkon shekara, ku raba ta mako-mako. Tambayoyin baya suna da amfani, amma ku rufe amsar ku rubuta taku tukuna, da agogo a gabanku, sa'an nan ku gwada. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki babi ya bayyana wa sauran da Hausa. Abin da ka kasa bayyanawa da harshen uwarka, ba ka gane shi ba tukuna. Kowace ma'ana kuka haddace, ku nema mata misali daga garinku, domin amsar da ke da misali ta fi tsayawa a ka, ta kuma fi ƙarfi a takarda. Ku zana taswirar Nijeriya da hannunku har sai kun iya sa Kwara da Binuwai da mahaɗarsu a Lakwaja ba tare da kun duba ba. Ku zauna da tsofaffin gidanku ku tambaye su zamanin En'e da 'yan doka, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gani ya kori ji, ji daga wanda ya gani kuwa ya fi hadda.

Ga malamai kuma, mun san halin da kuke ciki, albashi ba ya kai wata, aji ya cika ya batse. Duk da haka muna roƙonku, ko sau ɗaya a zango ku fita da yara su ga ganuwa, su ga kogi, su shiga kasuwa su rubuta farashi, su zauna a kotu su ga shari'a.

Ga gwamnati kuwa, ba roƙo muke yi ba, hakki muke nema. A ɗauki ƙwararrun malaman darussan nan a kowace sakandare, a biya su kan lokaci. A kai taswira da littattafai kowace makaranta, da kwafin Tsarin Mulki cikin Turanci da harsunan ƙasa. Jihar da ta yi alkawarin kuɗin jarrabawa ta biya kafin yara su zauna. A rufe cibiyoyin satar amsa, a hukunta masu su ko 'ya'yan wane ne. Waɗanda ke kai nasu 'ya'yan makarantun kuɗi da na ƙasashen waje, su sani muna gani, muna kuma ƙirgawa.

Ya ku iyaye talakawa, yau da dare ku kira ɗanku ku tambaye shi abin da ya karanta, ku ce ya faɗa muku da Hausa, ya kuma nuna muku inda abin ya shafi gidanku. In ya iya, ku gode wa malaminsa. In ya kasa, ku je taron iyaye da malamai ku tambayi dalili, ku tambayi kansila, ku tambayi ɗan majalisa, ku kuma riƙe amsar da suka ba ku har ranar zaɓe. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya kuma ba su ilmi mai amfani, amin.