Raddi Ga Mai Cewa Karatun Tarihi Da Adabi Asara Ne

A wajen bikin yaye ɗalibai na wata makarantar kuɗi a nan Mararaba, babban baƙo ya gargaɗi iyaye kada su bar 'ya'yansu su shiga ajin Art. Hujjojinsa uku ne: babu aiki a Tarihi da Adabi da Harsuna, ƙasa injiniyoyi take buƙata, ƙirƙirarriyar basira kuma za ta ƙwace rubutu da fassara. Wato dai duk wanda ya karanta Hausa a jami'a ya ƙona kuɗin ubansa. Har tafi aka yi masa.

Mu fara da batun aiki, domin a nan maganar ta fi rauni. Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka masu kimiyya sun samu aiki? Ka tsaya ƙarƙashin gadar Mararaba da sassafe, lokacin da motocin shiga Abuja suka cushe, ka tambayi masu POS da 'yan acaɓa abin da suka karanta. Za ka ji injiniyan lantarki, za ka ji mai digiri a kimiyyar sinadarai. Shekara da shekaru manufar ilimi ta ƙasa tana cewa a ba kimiyya kashi 60 na guraben jami'a, sauran fannoni su raba 40. Ashe shawarar taka tsohuwa ce, gwamnati ta riga ka. To me ta haifar? An fara aikin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979, har yau bai tashi ba. Masaƙun Kaduna da Kano sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Malamin Tarihi ne ya rufe su? Rashin wuta ne, da fasa-ƙwauri, da satar dukiyar jama'a. An bar jaki ana dukan taiki, haba!

Batun injiniyoyi kuwa, babu mai musun ana buƙatarsu. Amma mun riga mun gwada rayuwa babu Tarihi: an cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajajen 2009, sai a 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan su ne samarin unguwanninmu. Nawa ne cikinsu suka san cewa Gbagyi na nan tun kafin dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya, ko kuwa rusau ɗin Abuja na 2003 zuwa 2007 ne ya ƙara turo jama'a Mararaba da Masaka? A garin da Bahaushe da Tibi da Eggon da Ibo ke haya a gida ɗaya, wanda bai san yadda maƙwabcinsa ya zo ba, ɗan siyasa ne zai ba shi labarin. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya fitar da littafi guda a 1987 kan yadda ake wasa da addini don cin riba. Masanin Tarihi ne, ba injiniya ba.

Ita kuma ƙirƙirarriyar basira, daga rubutun mutane ta koyi Hausar da take yi. In ta yi kwaɓa, wa zai gane in ba wanda ya karanci harshen ba?

Iyaye, yaron da ke son kimiyya ku ƙarfafa masa. Wanda zuciyarsa ke kan Tarihi ko Adabi, don Allah ku ƙyale shi ya karanta.