A Yi Wa Iyaye Bayani Da Hausa

'Yan uwa marubuta, tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai makarantun da ke garƙame intanet ɗin laburare sai uba ya sa hannu a takardar izini. Neman izinin daidai ne, tsoron iyaye ma yana da dalili. Abin takaicin, da Turanci ake rubuto takardar. Uban da ya bar Hotoro da asuba zuwa kamfani a Sharada, Challawa ko Bompai, ya dawo bayan isha'i a gajiye, wa zai fassara masa? Sai ya ce a'a, ya huta. Ɗan mai kuɗi kuwa wayarsa na aljihu, ba mai tambayarsa.

A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan tarbiyya. Karatun bai tsaya ba, daga baya ma waya ya koma, inda babu idon malami.

Mu masu alƙalami, mu rubuta wa makarantun unguwanninmu takardar nan da Hausa: shafukan da yaro zai shiga, minti nawa, wane malami ke tsaye kansa. Uba ya fahimta tukuna, sannan ya yanke hukunci.