Gwaji kaɗai ba ya kama saɓanin ma'ana

Har yanzu akwai injiniyoyin manhaja da ke kallon ontoloji a matsayin surutun masana falsafa, suna cewa yawan gwaji ya wadatar wajen tabbatar da ingancin aiki. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma an riga an ɗanɗana kuɗarsa.

Ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, ita kuwa manhajar masu sarrafa tafiyar kumbon tana karɓar lambobin a matsayin niyuton, alhali fam guda ya kai niyuton 4.45. Kumbon ya sauko ƙasa sosai fiye da yadda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin takaicin shi ne, takardar ƙa'idar aikin ta fayyace ma'aunin da za a bi. Sai dai takarda mutum ke karanta ta, mutum kuma yana mantuwa. Kwamfuta ba ta san da zamanta ba.

Ɗalibin ilimin ma'ana ba zai yi mamaki ba. Mutum biyu kan yi ciniki da kalmar "mudu" su rabu lafiya, kowa da girman mudun kasuwarsu a ransa. Haka gwaji yake: yana auna manhaja ne da abin da mai gwajin ya fahimta, idan fahimtar ta karkace, sakamakon zai fito tsaf a kan karkatar.

Ontoloji shi ne rubuta ma'anonin wani fanni, da dangantakar da ke tsakaninsu, a sigar da na'ura za ta iya tantancewa. Tun 2004 akwai harshen OWL domin wannan aiki, akwai kuma QUDT, ontolojin ma'aunai da ya samo asali daga aikin NASA. Idan kowace lamba tana ɗauke da ma'auninta, na'ura na iya ƙin haɗa fam da niyuton tun kafin a harba komai.

Masu suka na cewa ginin ontoloji yana cin lokaci, kuma wanda aka bari ba sabuntawa yakan ruɓe. Gaskiya ne. Amma haka jerin gwaje-gwajensu ke ruɓewa idan an yi sakaci, ba a kuwa taɓa jin sun ce a daina gwaji ba.