"Tahalil Ɗinka Salim Ne": To Ciwon Daga Ina Yake?

Yau maganar maza ce, irin wadda ba a yi a majalisa, sai dai a raɗa wa aboki a mota.

Ga yadda abin yake zuwa. Saurayi ya yi wata uku ko fiye yana jin nauyi a mara, ko zafi tsakanin maraina da dubura, musamman in ya daɗe a zaune. Fitsari na yawan matsa shi, in ya gama kuma ɗigo ya biyo baya ya ɓata masa tsarki. Wani har zafi yake ji bayan fitar maniyyi. Ya cire kunya ya je wajen likitan masalik, aka gwada fitsari, aka yi mazra'a, aka ɗebi jini, aka yi sonar. Likita ya duba ya ce "kullu salim". Sai ka ga mutum ya fito ransa a ɓace, yana cewa ko likitan bai iya ba, ko kuma an ɗauke shi mai waswasi.

Ɗan'uwa, "salim" na nufin abin da aka nema ba a same shi ba. Kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa. Gwajin fitsari yana neman jini, mugunya da sukari. Mazra'a tana neman ƙwayoyin bakteriya da ke tsirowa cikin kwana biyu ko uku. Sonar yana duba tsakuwa, girman burustata, da ko mafitsara na zubar da fitsari duka. PSA kuwa gwajin jini ne da aka fi yi wa dattawa saboda kansa, ba shi ke gano wannan ciwon ba. Babu ɗaya a cikinsu da ke auna ɗaurewar tsoka ko ciwon jijiya.

Ita burustata wata 'yar tsoka ce kamar ƙaramin goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. A 1995 Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, NIH, ta kasa ciwonta gida huɗu. Na farko mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi, na biyu mai bakteriya da ke tafiya yana dawowa, na huɗu kumburi ne da mai shi bai ma sani ba. Na ukun shi ne namu: ciwon mara mai daɗewa wanda ba a samun ƙwayar cuta a cikinsa. Kusan tara cikin goma na masu wannan koke a nan suke. Ka ga ke nan takardar da ta fito wankakkiya ita ce ma take nuna wa likita gidan da kake.

Amma kafin a rufe fayil, akwai abin da ya kamata ka faɗa da bakinka, don mazra'ar yau da kullum ba ta kama shi. In kana cikin masu fita bayan gari shan nonon raƙumi ɗanye, ka faɗa. Hummal Maltiyya tana nan a Saudiyya, tana iya taɓa maraina da burustata, kuma gwajin jini na daban ake yi mata. In ka je hutu Kano ko Maraɗi ka yi wanka a kududdufi ko dam, ka faɗa, saboda tsargiya. Likitan da bai saba da ita ba ba lalle ta faɗo masa a rai ba. In kuma akwai zancen saduwa, kalamidiya da makamantanta gwajinsu daban ne. Likita ba alƙali ba ne. Akwai kuma gwajin da Meares da Stamey suka fito da shi a 1968, wanda yanzu aka taƙaita zuwa kwalba biyu: fitsari kafin a matsa burustata da kuma bayan an matsa. Ba daɗi, amma shi ke raba gida na biyu da na uku.

Inda na fi jin takaici shi ne maganar antibayotik. A 2004 an gwada siprofloksasin na mako shida a Amurka da Kanada, a binciken da ya haɗa maza 196 da suka daɗe da wannan ciwo, bai fi ƙwayar bogi amfani ba. Ga shi tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa babban gargaɗi kan tsinkewar agara. Tun 2018 aka tsananta hana saidaliyya sayar da antibayotik ba takardar likita, sai muka koma roƙon masu zuwa Umra su taho mana da shi, haɗe da jarkar "maganin sanyi". Mu dai komai sanyi ne, in ba sanyi ba basir! Likita na iya gwada antibayotik sau ɗaya a farkon ciwo. In bai yi ba, zagaye na huɗu ma ba zai yi ba.

Me ke taimakawa? Sau da yawa tsokar ƙasan mara ce ta ɗaure, don haka ka nemi likita ya taɓa ya duba ta, in ita ce ya tura ka ilaj ɗabi'i. Mai wahalar fitsari ana ba shi irin su tamsulosin, mai ciwon jijiya maganinsa daban. Zama cikin ruwan ɗumi na sauƙaƙawa. Masu tuƙin Madina zuwa Makka, sama da kilomita 400 a zaune, a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa. A rage gahawa, shayi mai kauri da yaji na mako biyu a gani. Damuwa da rashin barci ma suna ƙara ɗaure tsokar nan, kuma ciwon da suke tayarwa na gaske ne. Ga masu shirin aure: wannan nau'in ba kansa ba ne, kuma ba a shafa wa mata.

Zazzaɓi da rawar ɗari, jini a fitsari, kumburin maraina, ko fitsari ya tsaya cak, waɗannan ba na jiran mau'idi ba ne. A wuce ɗawari' kai tsaye, ko a kira 937.