Zaman Gida da Wurin Aiki: Baƙi Iri Iri a Yankari

Masu karatu, a wannan wata za mu yi magana da 'ya'yanmu masu aiki a wuraren hutawa, wato masu dafa abinci, da masu gyaran ɗaki, da masu yi wa baƙi jagora. Bari mu ɗauki misali da Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka keɓe domin namun daji a 1956, aka kuma buɗe ta ga jama'a a 1962. Masaukin baƙi yana Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi mai zafin digiri 31, rani da damina.

Ƙofa ɗaya baƙi suke shiga, amma ba abu ɗaya ya kawo su ba. Ga Bature da madubin hangen nesa a wuya. Tsuntsaye ya zo gani, gama akwai fiye da iri 350 a dajin. Shi dai yana son a tashe shi da asuba, a kuma rage surutu. Kada ka yi masa alkawarin ganin giwa. Faɗa masa gaskiya, cewa da rani ne namun daji suke taruwa a bakin Kogin Gaji, da damina kuwa ciyawa takan ɓoye su.

Ga uwa da yara. Kafin ta sauke kaya, gargaɗe ta a kan gwaggon biri, ta riƙa kulle ƙofa, kada kuma yaro ya fita da abinci a hannu. Nuna mata gefen ruwan da ba zurfi. Baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Ga dattijo wanda ya sha tafiyar fiye da kilomita 100 daga Bauchi. Kada ka miƙa masa makulli a tsaye. Rusuna ka gaishe shi, ka ce, “Sannu da zuwa, Baba, ina gajiya?” Ka ba shi kujera da ruwan sha. In Musulmi ne, kawo buta ka nuna masa alƙibla tun bai tambaya ba.

Sa'an nan ga 'yan makaranta cike da mota. A nan ne ake gane halin ma'aikaci, gama ba su da tukuicin da za su bayar. Waɗansu ma'aikata sukan yi wa mai babbar mota rawar jiki, su daka wa yaran tsawa. Wannan ba daidai ba ne. Yaron da ka amsa wa tambaya da haƙuri yau, shi ne zai komo da iyalinsa nan gaba, shi ne kuma zai hana a kashe giwar.

Saboda haka ka dubi kowane baƙo, ka gane bukatarsa. Amma fara'a kam, ka raba ta daidai wa daida, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sai wata mai zuwa.