Bindigar aljihu: amsata ga abokina na Maourey



Daren Laraba muna zaune a fada kusa da shataletalen Maourey, ana jiran shayi na biyu, sai wani abokinmu mai shagon wayoyi ya matso ya rage murya. Ya ce, "Malam, kai da ke karance-karance, tsakanin 6.35 da 7.65 wacce ta fi? Ƙarama nika so, wadda za ta shige aljihu ba wanda ya sani." Ba mu yi mamaki ba. Sati biyu kafin nan ya rufe shago bayan isha'i, wasu samari biyu bisa babur suka tare shi, suka nuna masa wuƙa, suka tafi da wayarsa da cinikin yini, sama da jika 400. Na ce masa zan ba shi amsa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba a Yamai.

Amsata ita ce kar ka sayi ko ɗaya, Alhaji, kuma ga dalilaina.

Waɗannan lambobi faɗin harsashi ne a ma'aunin milimita, kuma ƙanƙantarsu ce ke ruɗin mutane har su ɗauka abin tsoratarwa ne kawai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ranar 28 ga Yuni 1914, da bindigar aljihu ƙirar Beljiyam aka kashe yarima Franz Ferdinand da matarsa a Sarayebo, daga nan yaƙin duniya na ɗaya ya tashi. A 1981 da ƙaramin harsashi aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan, ya shiga har huhunsa, kakakinsa James Brady kuwa ya nakasa har ƙarshen rayuwarsa. Ga wata matsalar kuma. Bakin irin wannan bindiga gajere ne, mariƙinta bai cika hannu ba, saitinta na ba ƙwararru ma wahala. To ka dubi Maourey da magariba: taksi, 'yan kabu-kabu, yara 'yan talla, mata na fitowa daga Babbar Kasuwa. In hannunka na rawa ka harba ka kuskure, wa harsashin zai samu?

Na biyu, ɓarawo shi ke zaɓen lokaci da wuri. Sa'ad da suka tare ka hannuwanka biyu na kan babur, shi kuwa wuƙarsa tana waje tuni. Da ya ga ka kai hannu aljihu, ba zai tsaya ba. Abin da zai ƙare a asarar jaka sai ya koma jana'iza, kuma ya tafi da bindigar ya tare wani da ita gobe. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan birnin Filadelfiya ya nuna cewa masu ɗauke da bindiga sun fi marasa ita yiwuwar shan harbi yayin farmaki sama da ninki 4. Na yarda Amurka ba Nijar ba ce, amma tsoro da rawar hannu iri ɗaya ne ko'ina.

Na uku shi ya fi damuna. Ɓarawo ƙila ka haɗu da shi sau ɗaya a shekara goma, amma bindigar kullum tana tare da kai da iyalinka. Ka dawo a gajiye, ka rataye riga a ƙusa, ka shiga wanka. Wane yaro ne bai taɓa lalube aljihun babansa neman dala biyar ba? Sannan ga fushi. Dukanmu mun ga yadda ake yi in mota ta gogi babur cikin zafin watan Afrilu: zage-zage, cin kwala, jama'a su raba, kowa ya kama gabansa. Haka rigimar bashi, haka rigimar fili. Ana raba su ne saboda ba wanda ke da abin da zai gama magana cikin daƙiƙa ɗaya. Ka saka bindiga a aljihun ɗaya daga cikinsu, ka ga ko akwai mai shiga tsakani.

Na huɗu, doka. A ƙasar nan ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, ta hannun ma'aikatar cikin gida. Wanda aka kama da ita babu takarda, gidan kaso ne makomarsa, kuma cewa an taɓa yi masa fashi ba zai wanke shi gaban alƙali ba. Wadda za a kawo maka a ɓoye kuwa, ka san inda ta fito? Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka bazu a Sahel. Cikin ƙananan da ke yawo akwai na ƙara kawai, ƙirar Turkiyya, da aka yi wa gyaran hannu don su ɗauki harsashi na gaske. Ƙarfensu ba don haka aka ƙera shi ba, tana iya fashewa a hannunka. Ko kuma a ce an riga an yi kisa da ita, ka sayi laifin wani da kuɗinka.

Mu tuna ƙasar nan ta ɗanɗani yawan bindiga a hannun jama'a. Shi ya sa tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone bindigogi sama da 1,000 a Agadas gaban jama'a, bayan tawayen arewa. Waɗanda suka miƙa su a ranar sun fi mu sanin abin da bindiga ke yi.

Na san abin da wasu za su ce: "To ɓarawon izini ya nema?" Gaskiya ne, kuma mai wannan magana yana da hakki. Wanda aka hana ya ɗauki makami, dole a tsare shi. Saboda haka muna kira ga hukumomi su ƙara sintiri a kewayen kasuwanni lokacin rufe shaguna, a gyara fitilun titi da suka mutu, kuma in talaka ya kai ƙara komisariya ya ga an bi sawu. In ba a yi haka ba, irin tambayar abokina za ta yi ta yawa. Wanda kuma aikinsa ya tilasta masa da gaske, ya bi ta ƙofa: ya nemi izini, ya samu horo, ya ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli.

Mu sauran, abin da ɓarawo ke bi shi ne kuɗin da ke jikinmu. Ga Nita, ga Amana, ga Al Izza, ga bankuna, duk ba nisa da Maourey. Ka zuba ciniki tun la'asar, ka koma gida da kuɗin cefane kawai. Maƙwabtan shago su rufe lokaci ɗaya su fita tare, a haɗa kuɗi a ɗauki mai gadi, a daina bin hanya ɗaya kullum, a ajiye lamba 17 ta 'yan sanda a waya. In duk da haka aka tare ka, ka ba su. Jika 400 ana mayar da ita cikin wata nawa, amma 'ya'yanka ba su da wani uban.

Alhaji, na san ranka a ɓace yake, kuma ban raina abin da ya same ka ba. Allah ya mayar maka da alheri, ya tona asirin masu wannan aiki, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.