Dokar Albashi Ta Tsaya A Bakin Kwalta

Duk ranar 1 ga Mayu shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata sukan yi jerin gwano, su yi jawabi, su tuna mana cewa Jihar Kano ce ta fara mai da wannan rana ranar hutu a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu a 1981. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a daidai wannan lokaci, a ƙauyukan Bichi da Dambatta da Kunchi da Minjibir, akwai wani ma'aikaci yana sharar gonar wani kafin saukar damina, wanda ba a taɓa ambatonsa a filin taro ba. Shi ne ɗan ƙwadago. Har sunansa ma aka ara, aka ce Ma'aikatar Ƙwadago, aka ce Ƙungiyar Ƙwadago, sannan aka bar mai sunan a rana.

Mu dubi doka. An sa mafi ƙarancin albashi Naira 125 a 1981, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. To, dokar 2019 ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin jinga ba, kuma ba ta shafi aikin da ke bin lokacin shekara ba, kamar noma. Wato ɗan ƙwadago sau uku aka kore shi a shafi guda.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin gyara. Ita kanta ranar Mayu daga Amurka ta samo asali, daga yajin aikin birnin Chicago na 1886, inda ma'aikata suka nemi a tsaida aiki a kan awa takwas. A 1911 gobara ta hallaka mutum 146 a wata masana'antar ɗinki a New York, yawancinsu 'yan mata, domin an kulle musu ƙofa, kuma daga nan aka yi dokokin kare lafiyar ma'aikata. Amma da aka zo kafa mafi ƙarancin lada na ƙasa baki ɗaya a 1938, sai aka cire leburorin gona, don a gamsar da 'yan majalisar Kudu waɗanda baƙaƙen fata ke tsinkar musu auduga. Sai a 1966 aka shigo da wasunsu. Can da nan dalilin ɗaya ne: masu manyan gonaki suna da kujera a majalisa, masu fartanya ba su da ita.

Ba mu raina abin da magabatanmu suka yi ba. Tun kafa NEPU a 1950, Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha duka da ɗauri a kan haraji da aikin tilas da zaluncin En'e, kuma soke haraji da jangali da gwamnatin PRP ta yi a 1979 ya cire hannun hakimi da dagaci daga aljihun talaka. Sai dai haraji ƙaya ɗaya ce cikin da yawa. A wannan yanki namu gona tana manne da gona, babu saura, babu dajin da za a sare. Kowane rabon gado yana ƙara tsaga gandu, har magidanci ya tashi da ɗan fegin da ba ya ciyar da iyalinsa rabin shekara. Rumbu yakan ƙare ne daidai lokacin noman firi. Sai ya bar tasa gonar ciyawa na ci, ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don kuɗin tiyar gero ta ranar. Amfaninsa ya ragu, ya ci bashin ba-da-kaka, ya sayar da ɗan abin da ya girbe da arha, ya dawo ya sayi irin wannan hatsi da tsada bayan ya ratsa ɗakunan ajiyar Dawanau. Ƙarshenta jinginar gona, sannan cin rani, sannan zama a Kano ba komawa. Da yawa daga cikinmu da wannan gumi aka biya mana kuɗin makaranta.

Za a ce mana mai ɗaukar ɗan ƙwadago shi ma ƙaramin manomi ne, kuma doka za ta karya shi. Sau da yawa haka ne, ba mu musa ba. Amma attajirai da tsofaffin manyan jami'an gwamnati da ke ta saye gonakin talakawa, suna ɗibar mutane mota-mota lokacin shuka da girbi, su ma a bayan wannan ƙaramin manomi suke fakewa. Raba su ba wuya: Amurka a 1966 da yawan kwanakin ƙwadagon da gona ke ci ta auna, ta ƙyale ƙanana, ta kama manya.

Gyaran 2024 ya ce a riƙa sake duba albashi duk shekara uku, wato a 2027. Muna kira ga reshen NLC na Kano da ƙungiyarmu ta ɗalibai su kai buƙata biyu gaban wannan zama: a shigar da manyan gonaki ƙarƙashin doka, kuma a yanke ladan yini na aikin gona, a riƙa shelanta shi a kasuwannin ƙauye kafin ruwan shuka.